Sensa ta ce wuta ta tashi, to amma a ina?

Duk wanda ya taba neman gidan biki da kwatance ya san abun da zan fada. An ce maka ka wuce gidan mai, ka sha kwana ta dama, zaka ga masallaci mai koren fenti, gida na uku daga nan. Ka je ka tarar masallatai biyu ne masu koren fenti a layin, ka zabi daya ka kirga gida uku kayi sallama, sai wani dattijo ya leko yana tambayarka lafiya. Babu karya ko daya a kwatancen nan, amma dai ka kare a kofar gidan da ba a biki. To irin wannan ce ke samun kananan na'urorin nan da ake bazawa a daji ko gona ko jikin gada su rika auna abubuwa suna turo rahoto, kuma ita matsalar tasu ta fi taka muni domin su babu dattijon da zai leko ya ce musu sun yi batan kai.

Bari in fara da menene su. Na'urori ne 'yan kanana, wasu basu fi akwatin ashana biyu ba, kowace da batir dinta da dan rediyo da 'yar kwakwalwar kwamfuta da kuma sensa mai auna wani abu, zafi ne ko laima ko girgizar kasa ko kara ko hayaki. Ana baza su goma ko dari, wani lokacin ma sama da dubu, babu waya ko daya a tsakaninsu, sako kuma suna mika shi ne hannu da hannu kamar yadda ake mika bokitin ruwa ranar gobara har ya isa babbar tasha inda mutum ke zaune gaban kwamfuta. Ni kwaya nake kiran kowace daya, saboda haka idan kaji nace kwaya ita nake nufi. Tunanin ya kankama ne a karshen shekarun 1990 a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda Kris Pister ya fito da shirin da ya kira Smart Dust, wato kura mai wayo, da kudin hukumar binciken sojan Amurka DARPA. A 2002 aka kai kwaya 32 wani dan tsibiri mai suna Great Duck a jihar Maine ta Amurka don a san halin da ramukan wasu tsuntsayen teku ke ciki ba tare da mutane suna tattaka wurin ba. Wannan da hannu aka ajiye kowace, an san ramin da take. Amma mafarkin masu abun tun farko shine a watsa su daga jirgi kamar manomi na yafa iri, har an gwada hakan a 2001 a wani sansanin soja na Twentynine Palms da 'yan kwayoyi kadan daga karamin jirgi mara matuki. Da zarar ka watsa kuwa, tambaya ta taso, wacce ta fadi a ina?

Domin lamba kawai bata da amfani. Kwaya ta turo cewa zafi ya kai digiri 70, idan baka san inda take ba abun da ka sani kawai shine wani wuri a duniya yana ci da wuta.

Na san abun da zai fara zuwa ran mutum, a sa wa kowace GPS mana a huta. Akwai inda ake yin hakan, misali masu binciken jami'ar Princeton da suka rataya wa jakunan dawa kwala a Kenya a 2004, aikin da ake kira ZebraNet, GPS suka sa domin dabba tana yawo ne a fili sama a bude kuma wuyanta zai iya daukar batir da dan faifan sola. Amma kwayar da ake so ta shekara biyu kan batir biyu irin na tocila bazata jure ba, GPS na shan wuta, yana kara kudi, sannan siginar tana tahowa ne daga taurarin dan adam da ke nisan kilomita 20,200 a sama, kafin ta iso ta galabaita, rufin gini ko ganyen kurmi mai kauri ya isa ya dagula ta, balle ramin hakar ma'adinai ko karkashin ruwa inda babu ita sam. Shi kansa GPS din ba ma'asumi bane, na wayarka yana kaucewa da 'yan mitoci a fili, kafin watan Mayun 2000 ma da gangan gwamnatin Amurka ke bata siginar farar hula har kuskuren na iya kaiwa mita 100, sai da Bill Clinton ya bada umarnin a daina.

Saboda haka dabarar da aka saba ita ce a samu 'yan kwayoyi kadan da suka san inda suke, ko ta GPS ko an auna an rubuta musu da hannu. Wadannan nake kira turaku, domin a jikinsu ake daure sauran. Kowace kwaya sai ta kiyasta nisanta da turaku, idan ta samu nisa daga guda uku a shimfidadden wuri zata iya lissafo inda take, idan harda tsayi ake so sai hudu. A takarda abun gwanin sha'awa, da'ira uku sun hadu a digo daya. A fili da'irorin basa haduwa a digo, wani fili suke bari a tsakiya mai fadi, wani lokacin ma biyu basu taba juna ba sam, kuma duk rigimar daga kalmar nan ce ta kiyasta.

Hanya mafi arha ta kiyasta nisa ita ce karfin sigina, domin kowane rediyo dama yana iya fadin karfin abun da ya ji, ba sai an sayi komai ba. Kamar ka ji kiran sallah daga lasifika ne ka ce masallacin nan kusa yake tunda karar da karfi. Amma wanda ya zauna a gari ya san wata rana iska ta kado maka kiran masallacin wata unguwa kamar a bayan dakinka, na kusa da kai kuma da aka juya lasifikarsa gabas da kyar kake jinsa. A sarari tsantsa ka'idar ita ce duk sanda nisa ya ninka biyu sigina na raguwa da desibel 6, desibel shine ma'aunin karfin sigina. Juya maganar ka gani, kuskuren desibel 6 kacal ya isa kwayar da ke mita 20 a dauka tana mita 40 ko mita 10. Desibel 6 kuwa ba komai bane a fili, mutum ya tsaya a tsakani ya isa, domin yawancin wadannan rediyoyin a zangon gigahaz 2.4 suke aiki kuma ruwan jikin mutum da na danyen ganye na shanye shi. Eriya ta dan karkata, sigina ya canza. An ajiye kwaya a kasa maimakon kan sanda, ya canza. Batir ya fara sanyi, a wasu na'urorin ya canza. Ga kuma sigina da ke dukan bango ko kwanon rufi ya dawo ya hadu da wanda ya taho kai tsaye, wani wuri su karfafa juna wani wuri su kashe juna, ka matsa taku daya lamba ta yi tsalle. Abun da ya fi bani haushi a nan shine gona, ka auna komai ka daidaita lissafi lokacin shuka fili fetal, bayan wata biyu masara ta fi mutum tsayi, duk kwayoyin nan a taswira sai su fara nisanta da juna alhali ko motsi basu yi ba. Masu binciken Microsoft da suka yi tsarin RADAR a 2000 da siginar Wi-Fi a cikin ofis, sai da suka bi wurin daki daki suna rubuta karfin sigina a kowane lungu, duk da haka kuskurensu na tsaka tsaki mita 2 zuwa 3 ne.

Sai hanyar lokaci. Ka auna tsawon lokacin da sigina ya dauka kafin ya iso, ka ninka da gudunsa. Matsalar ita ce rediyo da gudun haske yake tafiya, kilomita 300,000 a sakan daya, wato santimita 30 a nanosakan daya, kashi daya cikin biliyan na sakan kenan. Agogon kwaya ya kauce da kashi daya cikin miliyan na sakan, ka tashi da kuskuren mita 300. Agogon da ke cikin irin wadannan na'urori masu arha kuwa a rana daya yana iya zamewa da sakan guda ko fiye idan ba a saita shi ba. Shi yasa mutanen jami'ar MIT ta Amurka a tsarinsu na Cricket, shima a 2000, suka yi wayo irin na walkiya da tsawa. Kowa ya san idan ka ga walkiya ka kirga sakan uku kafin ka ji tsawa to abun ya faru ne a nisan kusan kilomita daya. Turke sai ya saki siginar rediyo tare da wani siririn sauti da kunnen mutum baya ji a lokaci guda, rediyo ya iso nan take, sautin ya biyo baya, tazarar da ke tsakani ita ce nisan. Wannan na kaiwa daidaiton 'yan santimitoci, amma a gajeren zango, kuma bango na tare shi. Sannan gudun sauti ba tsayayye bane, mita 343 ne a sakan idan zafi digiri 20 ne, yana karuwa da kusan 0.6 kan kowane digiri. Na'urar da aka saita a dakin gwaji mai sanyi ka kawo ta Sakkwato ko Maradi a watan Afrilu ana digiri 40, sauti na gudun kusan 355, a nisan mita 10 ta ci maka sama da santimita 30, kuma ba sau daya ba, kullum, kuma duk a bangare guda. Ka rike wannan maganar ta bangare guda, zan dawo kanta.

To a ce ma awon nisan ya yi kyau. Akwai inda turakun suke tsaye, wanda mutane ke rainawa. Ma'aikaci ya zo dasa turaku, rana ta take, sai ya jera su a bakin hanya inda mota ke iya zuwa, duk a layi daya. Kwayar da ke mita 50 arewa da hanyar da wadda ke mita 50 kudu da ita nisansu da turakun nan iri daya ne sak, lissafi bashi da yadda zai bambance su. Ko turakun basu mike sosai ba, dan kuskuren awo ya isa ya dauke kwaya ya jefa ta daya bangaren kamar hoton madubi. Masallatai biyu masu koren fenti kenan. Wannan kifewar ta dami masu bincike har wasu a MIT suka fito da ka'ida a 2004 cewa kada kwaya ta yarda da wurinta sai ta samu kanta cikin rukunin guda hudu da duk sun auna juna kuma kusurwoyinsu basu matse ba, idan bata samu ba gara ta ce ban sani ba. Ni a ganina wannan ban sani ba din na daga cikin abubuwa mafi hankali da aka taba koya wa wadannan na'urori.

Domin kuskure yana haihuwa. Turaku kadan ne, yawancin kwayoyi basa jin ko daya, saboda haka wadda ta lissafo wurinta sai ta zama turke ga na bayanta, su ma su zama turaku ga na bayansu. Ka taba lura da sahun sallar idi? Kowa da kafadar na kusa dashi yake daidaitawa, babu wanda ya kauce da fiye da dan yatsa, amma ka hango sahun daga nesa zaka ga ya lankwashe kamar baka. Haka taswirar ke lankwashewa, na kusa da turaku suna daidai, na can karshe sun yi nisa da gaskiya. Idan kuma daya ta kife a tsakiya to duk zuriyarta sun kife tare da ita, unguwa guda ta koma hagu maimakon dama, kuma a tsakaninsu komai ya yi daidai, nisan kowa da makwabcinsa ya fita, babu mai zargin komai.

Akwai masu cewa a bar awon nisa gaba daya, a kirga zango kawai irin na fatake. Daga nan zuwa can zango nawa ne, kowane zango kamar tafiyar kaza, shikenan ka kiyasta. Hanyar DV-Hop da Niculescu da Nath na jami'ar Rutgers suka kawo a 2001 haka take, turaku su kirga sau nawa sako ke tsalle tsakaninsu, su raba da nisan da suka sani, su sanar da kowa tsawon tsalle daya. Tana aiki daidai gwargwado idan kwayoyin sun bazu ko'ina daidai wa daida. Amma a ce akwai tafki ko dutse a tsakiyar filin, sako sai ya zagaya, tsalle goma sha biyu tsakanin kwayoyi biyu da ke hango juna ta kan ruwa, lissafi ya ce suna da nisa sosai. Bafatake ya san garin tsallaken kogi kusa yake ko da sai ya kwana biyu kafin ya kai mashigi, ita kwaya bata sani ba.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a yi tunani. Duk wanda zai sayar maka da irin wannan tsarin zai ce kuskurensa mita kaza ne, kai kuma ka ce da kyau ko ka ce yayi yawa. Wannan lambar ita kadai bata gaya maka komai ba sai ka san aikin da za a yi da ita. Mita 10 a wajen mai auna zafin daji don hango gobara ba matsala bace, masu kashe wuta suna isa wurin hayaki zai nuna musu sauran. Mita 10 din nan a gonar noman rani inda kowane fangali bai fi 'yan mitoci ba, ta sa ka bude ruwa ga fangalin da ya koshi ka bar mai kishi, albasa ta rube a nan ta bushe a can, kuma sensa bata yi karya ba, laimar da ta auna gaskiya ce, ta wani wurin ce kawai. A 2004 masu bincike daga Berkeley sun daura kwaya 33 a jikin wata doguwar bishiya mai tsayin mita 70 a Sonoma ta Kalifoniya na tsawon kwana 44, tazarar kamar mita 2 tsakaninsu, suna son ganin yadda zafi da laima da haske ke canzawa daga gindi zuwa kololuwa. A irin wannan aikin kuskuren 'yan mitoci a tsayi ya isa ya sauya wa kwaya matsayi da makwabciyarta, GPS kuwa dama a tsayi ya fi rauni, balle a cikin ganye.

Wasu ayyukan kuma ninka kuskuren suke yi. Dauki na jami'ar Vanderbilt, tsarin gano inda maharbi ya buya ta hanyar karar bindiga, wanda suka gwada a sansanin Fort Benning na jihar Jojiya suka bayyana a 2004. Kwayoyi da dama ke jin karar, kowace ta rubuta lokacin da ta ji, daga bambancin lokutan a lissafo inda harbin ya fito, kuma sun kai daidaiton kusan mita daya. Amma fa wuraren kwayoyin an auna su tun kafin a fara. Sauti na cin mita daya a kusan kashi uku cikin dubu na sakan, saboda haka kwayar da ta yi kuskuren wurinta da mita daya daidai take da wadda agogonta ya zame da wannan adadin, idan kuma maharbin yana can waje da da'irar kwayoyin to dan karkacewar kusurwa a nan kusa na zama mitoci da yawa a can nesa, tagar da tsarin zai nuna ba ita bace, ta makwabta ce. Wannan ba albasa bace ta rube. Lokaci da wuri a irin wadannan ayyukan Danjuma ne da Danjummai, mutanen jami'ar Harvard da suka jera kwaya 16 a tsawon kilomita 3 jikin dutse mai aman wuta na Reventador a kasar Ekwado a 2005 sun dandana, kwana 19 suna daukar girgiza amma tsarin daidaita agogo ya rika kaucewa, sai da suka dawo gida suka zauna gyaran lokutan kafin bayanan su amfanu.

Abun da mutane basu cika tunawa ba shine ita kanta netwok din tana cin abinci da wannan taswirar. Akwai hanyar tura sako da ta dogara da wuri, fitacciyarta GPSR ta Karp da Kung daga Harvard a 2000. Ka'idarta mai sauki ce, duk kwayar da sako ya zo hannunta ta duba makwabtanta ta mika wa wanda ya fi kusa da inda za a je. Babu rike doguwar taswirar hanya, babu cin batir. Idan ta duba babu wanda ya fi ta kusa, wato an ci karo da rami, sai a koma bin gefen ramin kamar makaho na bin bango da hannu daya har a fita. To amma kafin bin bangon ya yi aiki dole kwayoyin su zana hanyoyin da ke tsakaninsu yadda babu biyu da suka gitta juna, kuma da wuraren da suke zaton suna ciki suke zanawa. Idan zaton ya kauce sai su goge hanyar da ita kadai ce mahada, ko su bar biyu a gicciye, sako ya shiga zagaye yana dawowa inda ya baro har adadin tsallensa ya kare ya mutu, batir kuma ya tafi a banza.

Nan akwai sakamako biyu da idan ka karanta su a jere zaka ce wani ya yi kuskure. Binciken da Tian He na jami'ar Virginia da abokansa suka fitar a 2003 ya nuna tura sako da bin sawun abu mai motsi basa lalacewa sosai muddin kuskuren wuri bai kai kashi 40 cikin 100 na nisan da rediyon ke kaiwa ba. Shekara daya bayan nan masu bincike a jami'ar Kudancin Kalifoniya suka nuna kuskuren kashi 10 cikin 100 ko kasa da haka ma na iya sa bin bangon nan ya fadi faduwar da baya tashi. Dukansu gaskiya suka fada. Inda kwayoyi suka yi yawa, kowace da makwabta rututu, ko ka mika wa wanda ba shine mafi kusa ba sakon dai gaba yake yi, ba a cika bukatar bin bango ba. Inda suka yi karanci ko akwai ramuka, nan ne ake bin bango, nan ne kuma dan kuskure ke kisa. Kuma ka lura duk su biyun ba da mita suka yi magana ba, da kason nisan rediyo suka yi. Inda kwayoyi ke da yawa, rediyon da ke kai mita 100 zai hadiye kuskuren mita 30, wanda ke kai mita 10 kuwa mita 5 ta gama dashi. Sannan netwok din da aka dasa da yawa yau, bayan shekara batura sun mutu nan da can ta zama mai ramuka, kuskuren da bai dame ta ba a farko sai ya fara cizo ba tare da ya karu ko da taku daya ba.

Harkar barci ma haka. Don batir ya dade akan sa yawancin kwayoyi su yi barci a bar kadan suna gadi. Wata dabara ta 2001 mai suna GAF tana yanka fili gida gida kamar dara, fadin kowane gida bai wuce nisan rediyo a raba da saiwar 5 ba (kusan 2.24), wato idan rediyo na kai mita 100 gidan kamar mita 44 ne, a kowane gida kwaya daya ta isa ta tsaya a farke. Yanzu a ce wata kwaya tana zaton tana gida na bakwai alhali tana na takwas. Ta ce wa 'yan gida na bakwai ku kwanta ni zan yi gadi, suka kwanta. Gida na bakwai babu mai gadi, na takwas masu gadi biyu, a allon kwamfuta kuma ko'ina kore shar.

Shi yasa matsakaicin kuskure da ake bugawa a takardun talla nake masa kallon hadarin kaji. Misali ne nake bayarwa ba wani bincike ba, kwaya 100, guda 95 sun kauce da mita daya daya, guda 5 sun kife sun kauce da mita 60. Matsakaici ya fito kusan mita 4. Babu ko kwaya daya a filin nan da kuskurenta mita 4 ne. Wanda aikinsa ke bukatar mita 2 zai ki tsarin alhali 95 sun isar masa, wanda mita 5 ta ishe shi zai karba da murna alhali akwai biyar da zasu tura shi wata gonar. Sannan ga maganar bangare guda da nace a rike. Kuskuren da ke rawa, yau dama gobe hagu, ana maganinsa da maimaita awo a dauki tsakiya. Wanda ya karkata gefe daya, irin na zafin rana da gudun sauti ko na masarar da ta girma ko turken da aka rubuta wa wuri ba daidai ba, ko ka auna sau dubu tsakiyar ma a karkace take, sai dai ka kara sakankancewa da abun da ba haka bane. Mudun da aka bubbuge gindinsa ko sau nawa ka auna dashi ba zai cika ba.

Kayan aiki sun inganta, ba a musu. Rediyon da ake kira UWB irin wanda Apple ta fara sawa a iPhone 11 a 2019 kuma yake cikin AirTag, 'yar na'urar nemo kayan da suka bata, yana auna lokaci da kyau har ya kai daidaiton santimita 10 zuwa 30 idan babu abun da ya tare, amma a gajeren zango. Wani rediyon mai suna LoRa kuma na kai kilomitoci kan dan batir, sai dai idan da siginarsa za a gano wuri maganar gomman mitoci ce zuwa daruruwa, ya isa ka san garken shanu na wane daji, bai isa ka san wace saniya ce ta shiga gonar wa ba. A karkashin teku har yanzu sauti ne, mai gudun kusan mita 1,500 a sakan kuma yana canzawa da zafin ruwa da gishirinsa da zurfinsa, ga igiyar ruwa na jan kwayoyin. Abun da ni nake ganin ya fi sabon rediyo muhimmanci shine kwaya ta rika fadin wurinta tare da iyakar shakkarta, ina nan amma da wasan mita 3, ko ina nan amma turakuna a layi daya suke kada a dogara dani. Manhajar da ke sama sai ta san wa zata bai wa gadi, wa zata saurara idan an zo lissafin inda kara ta fito.

Wani abun dariya, bayan duk wannan lissafin, mafi yawan ayyukan da suka yi nasara a fili da kafa aka bi aka ajiye kwayoyin. Mutanen jami'ar Virginia ma sun mayar da hakan dabara a 2004, mai dasawa ya rataya GPS guda daya a jikinsa yana tafiya, duk kwayar da ya ajiye ya kunna sai ta karbi wurin daga na'urar jikinsa ta rike. Arha, kuma babu sahun da zai lankwashe. Sai dai nan ma dan adam na nan da halinsa, a rubuta lamba 16 a inda aka dasa 61, ko a cire biyu a canza musu batir a mayar da kowace ramin 'yar uwarta, ko ruwan sama ya ja daya zuwa kwari, ko yaro mai kiwo ya tsinci wata ya ga abun wasa ya tafi da ita gida tana ta turo zafin dakin babarsa a matsayin na bakin rafi. Babu lissafin da'ira uku da zai kama wannan idan an riga an rubuta wurin an rufe littafi. Masu aikin da suka san kan abun sukan koma bayan dasawa, mutum daya a fili daya a gaban allo suna waya, na filin ya dumtse sensa a tafin hannunsa ko ya zuba mata ruwan buta, na allon ya fadi digon da ya motsa a taswira, idan ba shine wanda ake tsaye a kansa ba a gyara tun kafin a hau mota.